Yadda ake gano inda ake sakin kason pod sau biyu a Kubernetes

Kubernetes manhaja ce mai rarraba ayyuka, da ake kira pod, a kan na'urori da yawa, kowane pod da kasonsa na CPU da memory. Idan kubelet, wakilin Kubernetes a kan kowace na'ura, ya fara ƙin karɓar pod yana nuna OutOfcpu ko OutOfmemory (CPU ko memory ya ƙare), alhali mai rabon aiki, wato kube-scheduler, ya ce akwai wuri a na'urar, to ka zargi lissafi. Mai yiwuwa an mayar da kason pod ɗaya sau biyu, na'urar ta zama kamar tana da sararin da ba ta da shi.

Fara da tabbatarwa. Aika wa kube-scheduler siginar SIGUSR2, zai zuba abin da ya riƙe game da kowace na'ura a cikin log. Kwatanta shi da abin da kubectl describe node ya nuna. Idan sun yi daidai, koma kan fulogin ɗinka (ƙarin manhajar da ka jona wa kube-scheduler) mai riƙe nasa lissafin, kamar na GPU. A can aka fi samun ɓarnar.

Sai ka bi duk wurin da ake rage lissafin, ka sa ya rubuta UID na pod (lambar shaidarsa da ba ta maimaituwa), adadin da aka saki, da sakamakon debug.Stack() (jerin kiran da ya kai ga wurin). Kada ka dogara da suna, domin pod na StatefulSet (rukunin pod masu tsayayyen suna) yakan dawo da sunansa na da. Inda UID ɗaya ya fito sau biyu, ka kama hanyoyin biyu ke nan.

Yawanci ga yadda abin yake faruwa: ana tsakiyar ɗaure pod ga na'ura sai wani ya goge shi. Bind, wato matakin ɗaurewar, ya gaza, aka kira Unreserve, mai mayar da abin da matakin Reserve ya ware, ya saki kason. Can kuma sanarwar gogewa ta iso daga informer, mai sa ido kan sauye-sauyen pod, ita ma ta saki. Kowannensu ya yi aikinsa daidai, amma babu wanda ya san da ɗan'uwansa.

Maimaita wannan a gwaji: sa ɗan jinkiri a PreBind, matakin da ke zuwa kafin Bind, ka goge pod ɗin a lokacin. Kunna go test -race, mai gano inda ayyuka biyu ke taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, amma kada shirunsa ya ruɗe ka, don ko makulli (lock) mai hana hakan na nan daram ana iya saki sau biyu.

Wajen gyara, ina roƙonka kada ka hana lissafin sauka ƙasa da 0 kawai ka ce ka gama. Rufe ciwo ne ba tare da magani ba. Ajiye taswirar UID da abin da aka ware masa. Mai saki ya duba: idan UID na nan, ya rage ya goge shi a ƙarƙashin makulli ɗaya; idan babu, ya wuce. Ka'idar Kubernetes ma ta shardanta cewa maimaita kiran Unreserve kada ya canza komai, har ma idan ba a taɓa kiran Reserve ba.