Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye, da yadda ake gyara su

Yawancin hotunan ƙananan tsuntsaye da ke lalacewa, ba kyamarar ce ke da laifi ba. Abu biyu ne ke kashe su: nisa da jinkirin shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe a cikin kyamara lokacin ɗaukar hoto. Tsuntsu irin su kanari, gwara ko tsada tsawonsa bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, kuma ba ya cika daƙiƙa biyu a wuri ɗaya bai juya kai ba.

Ɗauka daga nesa da niyyar a yanko daga baya

Wannan shi ne babba. Gilashin kyamara mai milimita 400, a kan kyamara mai cikakken firam (wato mai babban farantin karɓar haske), yana ɗaukar faɗin santimita 90 ne idan kana nisan mita 10. Tsuntsu mai santimita 10 zai ci kashi ɗaya bisa tara kawai na faɗin hoton. Ka yanko shi a kwamfuta, gashin jikinsa ya zama kamar an shafa fenti. A nisan mita 4 kuwa faɗin ya koma santimita 36, nan ne ake fara ganin zaren gashi ɗaya bayan ɗaya.

Masu koyo sukan ce maganin shi ne a bi tsuntsu a sanɗa. Ba ya yi. Duk takun da ka yi, shi ma ya ƙara gaba, a ƙarshe ka tara hotunan bindi. Abin da ke aiki shi ne ka zauna, tsuntsun ya zo inda kake. A tsakar gida, musamman da rani, ruwa ya fi hatsi jan su. Ka sami kasko mai faɗi, ka zuba ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, domin ƙaramin tsuntsu ba ya shiga inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Ka rataya gorar roba mai ɗan huji a sama ta riƙa ɗiga, ƙarar ɗigon na kiran su daga nesa. Gero kaɗan a gefe ya wadatar. Sai ka kafa busasshen reshe mai kyan gani kamar rabin mita daga kaskon, ya ɗan fi shi tsawo. Kusan kowane tsuntsu sai ya fara sauka a kan reshen ya duba hagu da dama kafin ya gangara ruwa, kuma a kan reshen nan ake ɗaukar hoton, ba a bakin kasko ba. Kai kuma ka zauna bayan labule ko asabari a nisan mita 4 zuwa 5. Sukan ɗauki 'yan kwanaki kafin su saba da wurin, saboda haka kada ka riƙa matsar da kayan kullum.

Abu biyu da ake mantawa: a sauya ruwan kowace rana a wanke kaskon, don kada ya zama matattarar sauro da cutar da tsuntsaye ke ɗauka daga juna, sannan a nisanta shi da duk wata maɓoyar kyanwa.

Barin kyamara ta zaɓi saurin shata

Idan ka bar ta a kan otomatik, cikin inuwa takan sauka zuwa 1/125 ko 1/250 na daƙiƙa. Reshen zai fito tar, kan tsuntsun ya fito dishi-dishi. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi rawar hannunka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da tsuntsu. Ga tsuntsun da ke zaune, ka fara daga 1/1000. Ga mai wanka ko mai shirin tashi, 1/2500 zuwa 1/4000. Mutane na gudun wannan ne saboda ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, zai hau zuwa 1600 ko 3200, hoto ya yi yashi-yashi. Wannan tsoro bai da amfani: yashin nan manhajojin gyaran hoto na rage shi sosai, amma hoton da motsi ya ɓata babu abin da ke dawo da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kafa shata da ƙofar haske (hujin da haske ke bi a cikin gilashi, wanda ake auna shi da lambar f) da hannunka, ka bar ISO kaɗai a otomatik.

Ka kuma ɗauka a jere, uku zuwa shida a danna ɗaya. Tsuntsu na ƙifta ido da wata siririyar fata, kuma takan faɗo daidai kan hoton da ka fi so.

Saiti ya kama reshe ko fiffike

A milimita 400, ƙofar haske f/5.6, nisan mita 4, kaurin wurin da ke fitowa tar kimanin santimita 3 ne kacal. Ke nan idan saiti, wato daidaita gilashi don wuri ya fito tar, ya kama kafaɗa, ido ya tafi. Kuskuren da ke jawo haka shi ne barin kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta a duk faɗin firam: abin da ya fi kusa take kamawa, wato ganye ko ƙayar da ke gaba. Ka koma ɗigon saiti ɗaya, ka ɗora shi a kan ido, ka kunna saitin da ke bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma Servo. Sababbin kyamarori masu gane idon tsuntsu suna ƙoƙari a fili, amma cikin ƙayar bagaruwa ko magarya su ma sukan rikice. Idan haske ya isa, rufe ƙofar zuwa f/7.1 ko f/8 na ƙara maka ɗan kauri, baki da ido su fito tare.

Kowane dogon gilashi yana da iyakar kusancin da yake iya saiti, an rubuta a jikinsa. In ka kafa reshe ƙasa da wannan nisa, za ka ji yana ta kai da komo bai kama komai ba.

Haske

Daga hantsi zuwa azahar rana na bisa kai: ido ya faɗa inuwa, ciki ya yi baƙi, baya ya ƙone. Ga kuma turirin zafi da ke tashi daga ƙasa, wanda ke sa hoton nesa ya yi laushi ko da saitinka daidai ne, har mutum ya zargi gilashinsa. Awa biyun farko bayan fitowar rana, da bayan la'asar, su ne lokacin aiki. Rana ta kasance a bayanka, inuwarka na nuna tsuntsun, ka jira ya juyo har ɗigon haske ya bayyana a idonsa.

Lokacin hunturu, sararin sama fari ne fat saboda hazo. Kyamara na ganin farin sai ta rage haske, tsuntsun da ke kan waya ya fito baƙi ƙirin. Ka ƙara haske da +1 zuwa +2 a ma'aunin hasken kyamarar. Akasin haka ake yi wa jajayen tsuntsaye kamar mulufi: ja na saurin cika har zanen gashi ya ɓace, sai a rage da -1/3 ko -2/3. Ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, na ba da damar ceto irin waɗannan. Kuma kada ka cire gilashi a fili cikin ƙurar hunturu, in ba haka ba za ka ga ɗige-ɗige a wuri guda a kowane hoto.

Abin da ke bayan tsuntsu

Ido na kan tsuntsu, sai a gida a ga bokiti, igiyar shanya ko kwanon rufi a bayansa. Abin da ke baya ya nisanci reshen da aƙalla mita 3 zuwa 5, sai ya narke ya zama launi ɗaya. Sau da yawa taku ɗaya zuwa gefe ke raba kai da farin tabon sama. Ka kuma daidaita tsayinka da nasa: mai kiwo a ƙasa, a kwanta masa. Ɗauka ta gilashin taga ko ragar sauro na cinye kaifin hoto, gara a buɗe tagar a rataya zane mai duhu.

Masu waya su daina zuƙowa da yatsa fiye da ƙarfin gilashin wayar, yankan hoto ne kawai take yi. Ɗora idon wayar a kan madubin hangen nesa da aka kafa a kan mai ƙafa uku ya fi.

A daji

Zuwa ba a kan lokaci ba kuskure ne da ba a cika lura da shi ba. Namijin mulufi da damina yake yin ja, da rani ya koma ruwan ƙasa kamar gwara. Zalaidu ma doguwar wutsiyarsa ta lokacin aure ce, daga damina zuwa kaka. Baƙin tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai kuwa, daga wajen Oktoba zuwa Maris ake cin karo da su a dausayin Haɗeja da Nguru. Dajin Amurum da ke kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, an san shi da wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi na daban ba sai a 1998. A irin waɗannan wurare ka nemi bakin ruwa ko bishiya mai 'ya'ya ko fure, ka zauna rabin awa ba motsi, da tufafi marasa haske. Farar riga da ɗaga kyamara farat ɗaya su ke korar su.

Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi yana aiki, shi ya sa ake wuce gona da iri. Namijin na zaton kishiya ta shigo masa, ya bar ciyar da 'ya'ya ya zo faɗa, hoton ma yakan nuna shi a firgice. Sheƙa kuwa a bar ta. Karya ganyen da ya rufe ta don a sami fili yana buɗe wa rana da shaho hanya, kuma tsayuwar mutum a kusa na hana uwa komawa kan ƙwai. Ko marai da ke saƙa a fili cikin jama'a, daga nesa ake ɗaukarsa. In gonar wani ce a nemi izini, kuma kada a ɗaga dogon gilashi kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki, domin daga nesa ba kowa ke gane kyamara ce ba.