Yadda Ake Tara Katunan Besbol da Sa Hannun 'Yan Wasa

Duk mai son fara tara katunan besbol, ya kamata ya taƙaita burinsa tun daga farko, ya zaɓi ƙungiya ɗaya ko ɗan wasa ɗaya ko shekara guda, domin wanda ya ce komai zai saya, kuɗinsa za su ƙare bai haɗa abin kirki ba.

Darajar kati tana ga ƙarancinsa da lafiyarsa. Kafin ka biya, ka ɗaga shi a haske, ka duba kusurwoyinsa huɗu ko sun dakushe, ka ga ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, sannan ka karkata shi don gano lanƙwasa ko ƙarzuwa. Kamfanin PSA, mai tantance ingancin katuna, yana ba kati maki daga 1 zuwa 10, kuma tazarar maki ɗaya kan ninka farashi. A shekarar 2022 an sayar da katin shahararren ɗan wasa Mickey Mantle, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952, a kan dala miliyan 12.6, alhali yawancin katunan ƙarshen shekarun 1980 ba su da tsada saboda an buga su da yawan gaske.

Ka sa kowane kati a leda mai laushi, sannan cikin gidan roba mai tauri, nesa da rana da danshi.

Sa hannu kuwa, babu kamar wanda aka yi a gabanka. Lokacin atisayen share fage a jihohin Florida da Arizona na Amurka, cikin Fabrairu da Maris, 'yan wasa sun fi kusantar magoya baya. Ka riƙe biro mai shuɗin tawada don ƙwallo, alƙalamin maka (marker) kuma don kati, ka roƙa cikin ladabi. Idan saye za ka yi, jabu sun yi yawa, don haka ka nemi shaidar tantancewa daga kamfanonin tantance sa hannu kamar JSA ko PSA.