Babi na Shida: Gamin Zinariya da Azurfa da Jan Ƙarfe

Zinariya tsantsa, wadda ake kira karat 24, tana da taushi ƙwarai, har zobenta yakan lanƙwashe a yatsa, shi ya sa maƙera suke yi mata gami da azurfa da jan ƙarfe. Karat 18 na nufin kashi 75 cikin ɗari na nauyin zinariya ne, wato sarƙa mai giram 20 tana ɗauke da giram 15 na zinariya. Abin da ba a cika sani ba shi ne, dunƙule biyu masu karat ɗaya da gami iri ɗaya suna iya bambanta, ɗaya ya yi laushi, ɗayan ya tsage da an sa masa guduma, kuma yadda aka sanyaya su ne ya raba su.

Dalilin yana cikin ƙwayoyin zarra, ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani waɗanda suka haɗu suka yi ƙarfe. Duka ƙarafan uku tsarin jerinsu ɗaya ne, kamar ɗan akwati mai ƙwaya a kowace kusurwa da tsakiyar kowace fuska. Sai dai ƙwayar zinariya da ta azurfa kusan girmansu ɗaya, ta jan ƙarfe kuwa ta gaza su da fiye da kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka zinariya da azurfa suna gauraya ko nawa aka zuba, a narke ko a daskare, launin ne kawai yake ƙara haske.

Azurfa da jan ƙarfe ba su da wannan jituwa. Azurfa tana narkewa a digiri 962 na ma'aunin Salshiyas, jan ƙarfe a 1085, amma idan aka haɗa kashi 72 na azurfa da kashi 28 na jan ƙarfe, gamin yakan narke a wajen digiri 780, ƙasa da kowannensu, dalilin da ya sa ake like ƙarafa da shi ke nan. Da ya daskare sai ya rabu gida biyu, siraran shimfiɗu masu yawan azurfa suna cuɗe da masu yawan jan ƙarfe, domin ko a wannan zafi daskararriyar azurfa ba ta riƙe jan ƙarfen da ya kai kashi 9, kuma tana ƙara sakinsa yayin da take hucewa. Wannan rabuwa tana bayyana har a gamin ƙarafan uku, musamman a karat 14 inda zinariyar ta ragu.

Inda ya kamata mai koyo ya fi natsuwa shi ne jar zinariya ta karat 18, mai kashi 75 na zinariya da 25 na jan ƙarfe. Ƙwayar zinariya ta ninka ta jan ƙarfe nauyi kusan sau uku, don haka a wannan gami yawan ƙwayoyin biyu ya zo kusan daidai wa daida. Sama da digiri 410 suna zaune a barkatai, ƙarfen kuma yana karɓar ƙira. Ƙasa da haka, idan aka ba su lokaci, sai su jeru shimfiɗa ɗaya ta zinariya, ɗaya ta jan ƙarfe, akwatin nan ya ɗan matse ta gefe guda, ƙarfen ya yi tauri da gautsi. Masanin Rasha Nikolai Kurnakov da abokan aikinsa sun bayyana wannan sauyi a 1916.

A aikace, idan kuka gasa jar zinariya domin ta yi laushi, ku kai ta inda za ta yi ja-ja kaɗan, da jan ya dushe ku ɗauke ta da awartaki ku tsoma a ruwa, domin saurin sanyin ba ya bai wa ƙwayoyin sukunin jeruwa. Kada ku bar ta a gefen wuta ta huce a hankali, in dai da sauran duka ko jan waya a gaba. In kuwa an gama ƙirar kuma taurin ake so, sai a mayar da ita zafin da bai kai digiri 410 ba, a bar ta na ɗan lokaci.