Kurakuran da dangi suka fi yi idan an kai dattijo gidan kula da tsofaffi

A Damagaram ba mu saba da gidan kula da tsofaffi ba. Tsoho a ɗakinsa yake tsufa, jikoki na shige da fice, maƙwabta na leƙowa bayan La'asar, idan kuma ciwo ya kwantar da shi ba a rasa mai kwana a bakin ƙofarsa. Sai dai muna da ƴan'uwa da suka tafi Faransa karatu ko neman abinci tun suna samari, suka yi iyali a can, yanzu tsufa ya riske su a can. Shekara biyu da suka wuce kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya samu shanyewar ɓarin jiki, da asibiti ta sallame shi sai ƴarsa ta kai shi irin gidan kula da tsofaffi da Faransawa ke kira EHPAD. Yawancin kurakuran da zan ambata mu muka yi su da kanmu, shi ya sa na ga dacewar in rubuta su.

Kuskure na farko a nan gida ake tafka shi, wato saurin yanke wa ƴaƴa hukunci. Ranar da labarin ya iso gidanmu a Birni, babbar yayarsa ta aika wa yarinyar saƙon murya ta WhatsApp tana kuka, tana cewa: "Ashe za ki iya jefar da ubanki a hannun baƙi?" Yarinyar ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayar kowa ba, mu kuma muka yi wata biyu ba mu san halin da yake ciki ba. Daga baya muka ji cewa a hawa na uku take zaune, benen babu na'urar hawa, tana fita aiki tun da asuba, shi kuwa sai mutum biyu ke iya ɗaga shi daga gado. Umarnin kyautata wa iyaye da ya zo a aya ta 23 ta Suratul Isra'i yana nan daram, amma wanda ya bar mara lafiya shi kaɗai a ɗaki wuni guda don gudun bakin mutane bai kyautata masa ba. Abin da ya kamata ta fara ji daga gare mu shi ne sannu da ɗawainiya, sa'an nan tambayar abin da za mu iya yi daga nan.

Su kuma na can, kuskurensu shi ne ɓoye wa dattijon gaskiya, a ce masa za a je ganin likita, sai ya tarar da akwatinsa a ɗakin da bai sani ba. Wanda aka yi wa haka yakan daina yarda da kowa, har magani ya ƙi karɓa. Matuƙar yana cikin hankalinsa a gaya masa, a kai shi ya ga wurin kafin ranar tarewa. Dokar Faransa ma ta tanadi a nemi yardarsa, ta ba shi kwana 15 na janyewa bayan sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma yana da damar naɗa amintaccen mutum guda da likitoci za su tuntuɓa ranar da ya kasa magana. A yi wannan naɗin da wuri, a kuma sanar da dangi na nan ko wane ne, domin ma'aikata ba sa ba kowane mai buga waya bayanin ciwon mutum, ko da ya ce shi ne babban wa.

Batun kuɗi ma ana yawan shiga cikinsa ido rufe. Ɗaki guda yakan kai yuro 2,000 a wata ko fiye, wato sama da sefa miliyan 1 da dubu 300. Kuɗin kashi uku ne: na jinya, wanda inshorar lafiya ke ɗauka, na taimakon yau da kullum, wanda APA, tallafin hukuma ga tsofaffin da suka kasa kula da kansu, ke rage wa nauyi gwargwadon matakin rashin ƙarfin mutum, daga mataki na 1 mafi tsanani zuwa na 4, sai na ɗaki da abinci, mafi girma, wanda ke kan dattijon. Idan fanshonsa bai isa ba, doka ta ɗora wa ƴaƴansa cikawa gwargwadon ƙarfinsu, gunduma kuma tana iya taimakawa, amma tana da ikon karɓar abin da ta kashe daga gadonsa bayan rasuwa. Saboda haka duk wanda kawu ya saba aiko wa kuɗin buhun hatsi ko na ragon layya ya sani cewa wannan ƙofar ta rufe, kuma bai dace a zargi ƴarsa da cinye dukiyarsa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton cewa tunda ma'aikata sun ƙware, za su san yadda za su bi da shi. Sun san ciwonsa, amma ba su san shi ba. A makon farko mai shara ta ga wani dutse a kan teburin gefen gadon kawu, ta ɗauke shi ta fitar, alhali da shi yake taimama tunda alwala ta gagare shi. Ya wuni yana nuna teburin da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba, aka rubuta cewa hankalinsa ya tashi ba dalili. Haka kuma ya riƙa ture hannun mai yi masa wanka, aka ɗauka taurin kai ne, alhali kunya ce ta dattijon da wata mace ba ta taɓa ganin tsiraicinsa ba in ban da matarsa. Maganin wannan duka takarda guda ce da Faransanci, a ba shugabar ma'aikatan jinya, a liƙa kwafinta a ɗaki. A rubuta sunan da yake so a kira shi da shi, da cewa ba ya cin naman alade ba ya shan giya, da lokutan salla, da cewa dutsen nan da carbi da darduma ba abin ɗaukewa ba ne, da roƙon a ba shi namiji wajen wanka duk ranar da hali ya yi. A sa alamar alƙibla a bango. A ƙara da kalmomin Hausa goma da fassararsu, irin su ruwa, ciwo, sanyi, fitsari, salla, domin wanda ya samu shanyewar jiki ko ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya da girma ya koma ga na mahaifiyarsa. Kawu ya yi shekara arba'in yana aiki da Faransanci, yau "ruwa" yake cewa.

Abincin gida yana faranta rai, amma kada a kai masa sai an tambayi ma'aikata, don shanyewar jiki kan taɓa haɗiya. Loma ko ruwa na iya bin hanyar numfashi su jawo ciwon huhu, wani lokaci ba tare da ko tari ba. Kilishi da dabino busasshe sai a haƙura da su. Kunu mai kauri ya fi sauƙin wucewa, a ba shi yana zaune sosai, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan watan azumi ya kama, mai ciwon suga da ke shan magani kada a bar shi ya ɗauki azumi a ɓoye. A sa malamin da yake girmamawa ya kira shi daga nan ya tuna masa rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya da tsoho, dangi kuma su ɗauki nauyin ciyarwa a Damagaram, inda mabuƙata suke kusa. Daga bakin malami ya fi karɓa a kan daga bakin likita.

Makonnin farko sukan zo da rashin barci, ƙin abinci da yawan cewa a mai da shi gida, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da ba a yi wa shiru shi ne ruɗewar da ta zo farat ɗaya, mutum jiya yana hira yau bai gane ƴarsa ba. Mukan ce gigin tsufa ne ko iska, alhali sau da yawa ƙwayoyin cuta ne a mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko sabon magani, kuma duka suna jin magani idan an gaya wa likita a ranar.

Sa'an nan akwai janyewa a hankali, ziyara kullum ta koma mako-mako, ta koma wata-wata. Wasu ma sukan ce gara a daina zuwa don ya saba. Wannan ba daidai ba ne, kuma dokar 8 ga Afrilu 2024 ta tabbatar wa mazaunin irin wannan gida haƙƙin karɓar baƙo kowace rana. Mai ziyara ya riƙa sauya lokaci, ya duba ko ruwan sha na kusa da hannu mai lafiya, ya ɗaga mayafi ya duba dunduniya, kwatangwalo da ƙasan baya. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran fata, ko ya yi zafi ko tauri, mafarin gyambon kwanciya ne, kuma a fata baƙa yana da wuyar gani, don haka a taɓa da hannu. Mu na nan rabonmu shi ne waya a lokaci tsayayye. Mun tsayar da ranar Juma'a bayan saukowa daga masallaci, a kira shi ta bidiyo, a zagaya da wayar tsakar gida ya ga kowa, a ba shi labarin damina da farashin hatsi a kasuwar Dole da wanda ya yi aure a Zango. A tuna cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Faransa yana gaban namu da awa ɗaya, sauran watanni kuwa daidai suke.

Da wuya a yi wata uku wani bai ce a maido shi gida ba. Ni ba na adawa da wannan, domin akwai dattijon da ganin ƙasarsa ya fi masa kowane magani, amma a yi lissafi kafin a sayi tikiti. Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, wanda ke kwance kuwa yana buƙatar ruwan wanki da na wanka kullum, da mai juya shi duk bayan awa biyu dare da rana. A fayyace sunan wanda zai yi wannan aikin, don kada ya faɗa kan suruka guda ba tare da an tambaye ta ba. A bincika ko magungunansa suna samuwa a nan, a karɓo cikakken bayanin likitansa don a kai wa likitocin babban asibitin Zinder. Fanshon da ya tara da guminsa zai iya biyo shi, muddin ana aika takardar shaidar yana raye kowace shekara, amma tallafin APA yana tsayawa da zarar ya bar zama a Faransa.

Maganar da kowa ke kauce wa ita ce ta inda yake so a binne shi. A Faransa ba a binnewa sai cikin akwati, ba kowace maƙabarta ce ke da sashen Musulmi ba, ɗauko gawa zuwa Nijar kuma yana da tsada da takardu. Ƴar kawu ta kasa buɗe bakin tambayarsa, sai yayarsa ce ta yi ta waya, ta ce: "Ƙanena, in ta Allah ta kasance, nan ko can?" Ya ce nan, kusa da Inna. A makon aka rubuta wannan a takardunsa na gidan, da lambar wanda za a kira ya yi masa wanka da sutura ko da tsakar dare ne.