Darasi na 7: Marufin Ƙwauri Daga Tsohon Wando

Kaska ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Hawa take yi bakin ciyawa, ta miƙa ƙafafunta na gaba tana jira. Da ka gifta ka goge ta sai ta kama. Daga nan ta yi ta hawa har ta sami wuri mai laushi, bayan gwiwa ko matsematsi, ta kafa baki. Sau da yawa cizon ba ya zafi, shi ya sa makiyayi ko mai yankan ciyawa da damina zai wuni da ita bai sani ba. Wata kaskar ta jikin shanu tana ɗauke da zazzaɓi mai sa zubar jini. A Amurka da Turai kuma wata irin kaska ce ke yaɗa cutar Laim, har masu yawon daji a can sukan sayi marufin ƙwauri a kanti, wato ƙyallen da ke rufe ƙafa daga gwiwa zuwa takalmi don tare kaska. Kai ba sai ka saya ba.

Nemi tsohon wandon da gindinsa ya mutu amma ƙafafun na nan da ƙwari. Fari ko mai haske ya fi, don a jikin baƙi ba za ka hango kaska tana tafiya ba. Kada ka ɗauki mai huda, ko ƙarama ce, domin 'yar kaska ba ta fi ƙwayar riɗi ba.

Sa almakashi ka yanke kowace ƙafa daga gwiwa. Ka sami marufi 2 ke nan. Kalmasa bakin sama kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗinke, ka zura roba ko zariya. Yi haka a bakin ƙasa. Sannan ɗinka 'yar igiya da za ta bi ta ƙarƙashin takalmi, in ba haka ba marufin zai riƙa tattarewa yana barin idon sawu a buɗe. A nan mutane suka fi yin sakaci.

Tura bakin wandonka cikin safa, sa takalmi rufaffe, sannan ka zura marufin a kai. Kada robar ta matse har ta yi maka shaida a fata.

In ka dawo gida, cire shi a waje ka kakkaɓe, ka duba jikinka. In ka ga ta kama, sa hantsaki dab da fata ka ja a hankali, a miƙe. Ban da kananzir, ban da wuta. Wanke wurin da sabulu. Zazzaɓi in ya biyo baya, je asibiti ka ce kaska ce ta cije ka.

Aiki: Rubuta kayan da za ka tanada kafin ka fara ɗinkin.