Kilim a lokacin annoba: yadda za ku tsabtace iskar ɗaki

Gyaran kilim da firij ne sana'ata a nan Yamai, kuma da zarar mura ko ƙyanda ta shigo gari, tambayar da ake yi mini ita ce wane magani za a fesa cikin kilim ya kashe cuta. Kada ku fesa komai. Kilim ɗin da ke manne a bango ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Bututun da ya haɗa shi da injin waje, gas ne ke bi ta cikinsa. Iskar ɗakin yake zuƙa, ya sanyaya ta, ya mayar muku. In mai tari yana ciki, numfashinsa ne ke ta kewayawa, ga shi ƙwayar ƙyanda tana iya yin awa 2 a iska bayan maras lafiya ya fita.

Saboda haka babban aiki shi ne sauya iskar. Na san zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, ba mai son jin zancen buɗe taga. Amma ku bar taga ɗaya a buɗe kamar faɗin tafin hannu, ku ɗan sassauta ƙofar da ke ɗaya ɓangaren don iska ta samu hanyar wucewa, kilim kuwa ya ci gaba da aikinsa. In haka ba zai yiwu ba, duk bayan awa guda a buɗe ko'ina na minti 10. Mai fanka ta tsaye ya ajiye ta bakin taga tana kallon waje, ta riƙa fitar da tsohuwar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021 cewa kowane mutum ya samu lita 10 ta sabuwar iska a cikin daƙiƙa ɗaya. Ofis mai mutum takwas da tagogi a rufe ba zai kai ko kusa da haka ba. Kuɗin wuta zai ɗan ƙaru, gaskiya ne, amma ni a ganina ya fi a kwantar da rabin gida a likita.

Masu na'urar sanyi mai amfani da ruwa, irin wadda ake kafawa jikin taga, sun fi mu sa'a a nan, domin ita daga waje take jawo iska. Sai dai a bar mata wata taga a buɗe, kuma a riƙa sauya ruwan.

Ku duba inda iskar take bugawa. A Janairun 2020, a wani gidan abinci na birnin Guangzhou a Sin, mutum 10 daga iyalai 3 sun kamu da korona, kuma teburansu suna kan layin iskar kilim ɗaya. Ku ɗaga fikafikan bakin kilim ɗinku su kalli rufi, kada iska ta bi ta kan fuskar wani ta sauka a kan na gaba.

Sai wankin ragar da ke tace ƙura a cikin kilim. Ku kashe wuta, ku sa takunkumi, ku ɗaga murfi ku zaro ragar a hankali. Kada a kakkaɓe ta cikin ɗaki. A kai ta waje, a wanke da ruwa da sabulu, a shanya a inuwa har ta bushe sarai. Duk mako biyu ya isa, amma da hunturu, in hazo ya sauko, kowane mako. Ragar ƙura take tarewa, ƙwayar cuta tana ratsa ta, don haka kada wanki ya sa ku saki jiki. Ruwan jabal kuwa, don Allah, kada ya kusanci cikin injin: yana cin siraran ƙarafan alminiyom, kuma kilim zai huro muku warinsa cikin huhu, abin da ke tayar wa masu asma ciwo.

Wanda ke da hali, musamman mai kilinik ko makaranta, ya sayi na'urar tace iska mai matacin HEPA, wanda ke tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani. Daban ake ajiye ta a ɗaki, ba a haɗa ta da kilim. Kada a ɗaura irin wannan mataci a bakin kilim, fankarsa ba ta da ƙarfin jan iska ta cikinsa, ƙarshe ƙanƙara ce za ta kama injin. Fitilar UV-C, mai wani irin haske mai ƙarfi da ake sawa cikin na'ura, tana kashe ƙwayoyin cuta, amma tana ƙona ido da fata, kuma a cikin ƙaramin kilim iska na wucewa da sauri, sai amfaninta ya fi tsayawa ga hana ƙarafan yin fumfuna. Ma'aikaci ne kawai zai sa ta, a rufe ta yadda haskenta ba zai fito ba. Na'ura mai fitar da iskar gas ɗin da ake kira ozon kuwa a bar ta, tana cutar da huhu.

In akwai maras lafiya a gida, a ba shi ɗakinsa, ƙofa a rufe, taga a buɗe, mai jinya da takunkumi. In kuma aka ɗauke wuta, kada a zauna ana jiran ta dawo don gudun sanyi ya fita, a buɗe tagogi nan take.