Maganin yaro mai zafin rai: inda iyaye suke kuskure

Kuskuren da ya fi yawa a shagon kemis ake yinsa. Yaro ya fasa kwano, ya daki ƙaninsa, sai uwa ta aika a sayo "abin da zai kwantar da shi". Akasari Piriton ko Phenergan ake miƙo mata, wani lokaci har diazepam. Duk barci suke sa yaro, ba su taɓa tushen fushin. Diazepam kuwa jiki kan saba da shi har rabuwa ta yi wuya, wasu yaran ma ƙara birkicewa suke yi. Abin yi shi ne a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, a duba shi tukuna.

Zafin rai alama ce, kamar zazzaɓi. Mai yiwuwa farfaɗiya ce, ko kunne ba ya ji sosai, ko ana cin zalinsa a makaranta, ko ciwon rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, ko kuma saurayin ya fara shan tramadol a ɓoye. Sau da yawa likita zai fara da koya wa iyaye yadda za su bi da yaron, bai rubuta ko ƙwaya ɗaya ba. Wasu sai su ga kamar an sallame su hannu rabbana, alhali wannan shi ne kan gaba a maganin.

In aka rubuta risperidone, wani maganin ƙwaƙwalwa da likita kan bayar don rage zafin rai, kada a ƙara ƙwaya don yau ya yi rigima, kada kuma a yanke rana ɗaya don an ga sauƙi. Likita ne ke ragewa sannu a hankali. Maganin yana buɗe ciki da sa ƙiba, don haka a riƙa auna nauyin yaron duk zuwa asibiti. Sandarewar wuya ko kumburin nono, ko da namiji ne, a koma da wuri.

Sodium valproate, maganin farfaɗiya da likita kan iya rubutawa, na iya nakasa jariri a ciki. Mu da muke aurar da 'ya'ya mata da wuri, lallai a gaya wa likita tun ana maganar sa rana. Mai shan carbamazepine kuma, wanda shi ma maganin farfaɗiya ne, in ƙuraje suka feso masa da zazzaɓi ko gyambon baki, asibiti a ranar.

Addu'a da ruƙiyya ba su hana shan magani. Jiƙo ne dai sai an nuna wa likita kafin a haɗa.